Farin Zanin Gado a Tsakiyar Teku

Tashar jiragen ruwa ta Miami, a jihar Florida ta Amurka, tana kan tsibirin Dodge ne, gada da hanyar ƙarƙashin ruwa suka haɗa ta da cikin gari. Duk ƙarshen mako, tun gari bai gama wayewa ba, manyan jiragen yawon shaƙatawa ke shigowa ɗaya bayan ɗaya daga tsibiran Karibiyan, su jeru a bakin gaɓa, farare tas, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga ƙarshen tsayinsu. A nan ne Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024, yake ɗaukar fasinja. Tsawonsa mita 365, yana iya cin baƙi har 7,600, ban da ma'aikata 2,350. Wanda na shiga bai kai shi girma ba, amma shi ma gari ne guda a kan ruwa.

Ranar da jirgi ya dawo tasha ita ce ranar da zai sake tashi. Wajen ƙarfe takwas na safe tsofaffin baƙi sun fice daga ɗakunansu, da azahar ana buɗe wa sababbi, kafin magariba an kwance igiya. Ke nan gadon da za ka kwanta a kai yau da dare, wani ne ya tashi daga kansa da safiyar yau, ba ka san shi ba, ba ka san da me ya kwana ba. Wannan tunanin shi ke hana wasu sakin jiki, shi ya sa na ƙudurta zan bi zanin gadon nan tun daga kan katifa har inda ake wanke shi.

Ɗakunan suna jere ne a dogayen baranda masu kafet, ƙofa na kallon ƙofa, idan ka tsaya a wannan ƙarshe da ƙyar ka hango wancan. Ɗakin kansa ƙarami ne, taku kaɗan ka ƙure shi. Gadon da ka ɗauka ɗaya ne, ƙanana biyu ne aka haɗa, ana raba su idan baƙo ya nema. An lulluɓe shi da farin zani, bargo a cikin rigarsa, matasai huɗu a jingine. An shimfiɗa wata leda mai kauri a ƙarshen gadon don a ɗora akwati, saboda akwatin da ya sha ja a filin jirgin sama kada ya taɓa shimfiɗa. Bangon ƙarfe ne, banɗakin kuwa ɗan tsukuku, masansa da ƙarfin iska yake zuƙe ƙazanta, da ƙara mai firgita baƙo. Ƙamshin sabulu da sanyin na'ura suka cika ko'ina.

A barandar na ga yadda tsoron yake aiki. Wata dattijuwa da ke ɗakin da ke kallon nawa ta bar ƙofarta a buɗe, ta sa safar hannu, tana goge teburi da madubi da takardar goge-goge mai magani. Ta zo da rigunan matashinta daga gida. Wani magidanci kuma ya yaye shimfiɗa gaba ɗaya yana haska katifa da tocilar waya. Ban ga laifinsu ba. Mutum ya tara kuɗinsa wata da watanni don hutun mako guda, ba ya son ya ƙare shi a kwance.

Mai gyaran ɗakunan ɓangarenmu ɗan ƙasar Filifins ne, kamar da yawa daga cikin abokan aikinsa, wasu kuma daga Indonesiya ko Indiya suke. Na tsaya daga bakin ƙofa ina kallon yadda yake gyara wani ɗaki da bai riga ya gama ba. Ya tattare zannuwa, rigar bargo, rigunan matasai da tawul duka, har waɗanda ba a taɓa ba, ya cusa su a buhu. Bai kakkaɓe komai ba, naɗewa yake yi zuwa ciki. Tsumman da ya goge banɗaki launinsa daban da na teburi. Ya fesa magani a mariƙin ƙofa, makunnin wuta, kan waya da rimot, ya bar shi ya ɗan jima kafin ya goge, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta sai ya zauna a jiƙe na ɗan lokaci yake aiki. Sannan ya shimfiɗa sabon zani, ya ja kusurwa huɗu ya soke, ko tamoji babu. Yana gamawa ya tura kekensa zuwa ƙofa ta gaba, ga jerin ƙofofi suna jiran sa.

Jirage da yawa suna kai baƙi zagayen wuraren da ba a saba shiga ba, idan sun biya. Ta wannan hanya na sauka ƙasa. Da zarar an wuce ƙofar ma'aikata, kafet ya ƙare, kiɗa ya ƙare, sai ƙarfe da farin fenti da bututu a sama. Wata doguwar hanya ta ratsa jirgin daga gaba zuwa baya, ma'aikata suna kiran ta I-95, sunan babban titin da ya bi gabashin Amurka har Miami. Ta nan ake tura abinci, shara da buhunan wanki, kowa na sauri.

Ɗakin wankin yana can ƙasa sosai, inda kake jin ƙugin injin jirgi a tafin ƙafarka. Zafi da tururi ne suka fara tarbar mu. Babban injin wankin dogo ne mai ɗakuna a jere, ana zuba kaya ta wannan baki, su riƙa wucewa daga ɗaki zuwa ɗaki, jiƙo, wanki da ruwan zafi da sinadari, ɗauraya, har su fito ta ɗaya bakin, inda wani ƙarfe mai nauyi zai danne su ya matse ruwan. Daga nan mutum biyu su kama zani kusurwa da kusurwa, su miƙa wa injin guga, ya ja shi ta cikin manyan naɗe-naɗen ƙarfe masu zafi, ya fito ta baya a bushe, a goge, a ninke. Ƙazantattun kaya ɓangarensu daban, wankakku daban, ba sa haɗuwa a keke ɗaya. Shimfiɗar ɗakin da aka samu mara lafiya kuwa, a buhu na musamman take zuwa, irin wanda ke narkewa a cikin ruwa, don kada mai wanki ya buɗe shi da hannu. Ruwan ma a cikin jirgin ake samar da mafi yawansa, ana tace gishirin teku a fitar da mai daɗi. Injinan ba sa hutawa dare da rana.

Na fito daga wurin da yaƙinin cewa zanin gadon da ya bi ta wannan zafi yana cikin abubuwan da suka fi komai tsafta a ɗakin. Ba a nan gizo yake saƙa ba.

Cutar da ta fi yi wa waɗannan jirage suna ita ce amai da gudawa ta ƙwayar noro, wadda ta samo sunanta daga garin Norwalk na jihar Ohio, inda ta ɓarke a wata makarantar firamare a 1968. Tana bayyana awa 12 zuwa 48 bayan ta shiga jiki, ta yi kwana ɗaya zuwa uku. Ga mai ƙarfi wahala ce ta ɗan lokaci, ga tsoho da jariri kuwa ƙarewar ruwan jiki na iya zama babbar magana. Ƙwayoyi kaɗan sun isa su kwantar da mutum, kuma tana iya yin kwanaki, har makonni, a kan ƙarfe ko roba. Hanyarta daga hannu zuwa baki ce. Man goge hannu mai sinadarin barasa, wanda kowa ya saba da shi tun zamanin korona, ba ya yi mata wani abin kirki, domin ba ta da fatar maiƙon da sinadarin ke narkarwa. Abin da ke raba ta da hannu shi ne sabulu da ruwa, a cuɗa na aƙalla daƙiƙa 20. Abin da ke kashe ta a kan kaya kuwa shi ne ruwan kilorin mai ƙarfi.

Ba a jirgi kaɗai take ba. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa tana kama mutum miliyan 19 zuwa 21 duk shekara a ƙasar, kuma mafi yawan ɓarkewarta a gidajen kula da tsofaffi da asibitoci ne, sai gidajen abinci da makarantu. Abin da ya sa aka fi jin ta jirgi shi ne, a jirgi ana ƙirgawa. Tun 1975 hukumar take da shirin duba tsaftar jiragen ruwa. Duk jirgin da ke ɗaukar fasinja 13 ko fiye, yana zuwa ƙasashen waje yana kuma tsayawa a tashar Amurka, ana kai masa ziyarar ba-zata sau biyu a shekara. Ana duba ruwan sha, kicin, wuraren ninƙaya, asibitin jirgi, ɗakin renon yara, gyaran ɗakuna, maganin ƙwari da hanyoyin iska. Maki 100 ne, wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi, kuma ana wallafa sakamakon a intanet kowa ya gani kafin ya sayi tikiti. Kafin jirgi ya shigo daga ƙasar waje dole ya faɗi adadin masu ciwon ciki, ko da babu ko ɗaya. Idan suka kai kashi 3 cikin 100 na fasinja ko na ma'aikata, sai a sanar wa duniya. Ba kowane otal na tudu ake sa wa ido haka ba.

Duk da haka, ba za a ce tsoron shimfiɗa ba shi da tushe ba. A watan Fabrairun 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, 712 suka kamu da korona. Da masu bincike suka shiga ɗakunan waɗanda suka kamu, kafin a yi feshi, sun samu ɓurɓushin ƙwayar a kan matasai, a daɓen gefen masai, a kan waya, teburi da rimot, wasu har bayan kwana 17 da fitar masu ɗakin. Samun ɓurɓushi ba ya nufin ƙwayar tana da rai, amma ya nuna inda mara lafiya yake barin sawunsa: inda ya ɗora fuska da inda ya ɗora hannu. Saboda haka wadda ta zo da rigar matashinta ba ta yi wauta ba, wanda ya goge rimot ya fi ta dacewa.

Magidancin mai tocila kuma kuɗin cizo yake nema, kuma ya san inda ake nema: ɗinkin gefen katifa, bayan allon gado, da ɗigon baƙi ko na jini a kan zani. Kuɗin cizo ba ruwansa da tsaftar ɗaki ko tsadarsa, a akwatin matafiya yake hawa jirgi. Ba a san shi da yaɗa cuta ba, sai dai ƙaiƙayi da hana barci, da bin mutum har gida. Dubawar minti biyu ta wadatar, idan an ga alama a nemi canjin ɗaki nan take. Abin da ni na kawar gefe shi ne ƙananan matasan ado da ƙyallen da ake gittawa a ƙarshen gado, domin ba lallai ne su bi zannuwa zuwa wanki a kowane canjin baƙi ba. Kafet ma haka, ana share shi da inji amma ba a wanke shi kullum, don haka Musulmi ya taho da dardumarsa, ya taho da ƙaramar buta, domin banɗakin takarda kawai aka tanada.

A hawa na sama, inda ɗakin cin abinci na ɗebi-da-kanka yake, na ga ainihin fagen. An jera famfuna da sabulu a bakin ƙofa, ga ma'aikaciya tana murmushi tana roƙon kowa ya wanke hannu. Wasu suna tsayawa, wasu su ratse ta gefe. Ciki kuwa ludayi ɗaya ne ɗaruruwan hannuwa ke kamawa, hannuwan da suka danna maɓallin lifta, suka dafa ƙarfen matakala, sannan su ɗauki burodi su kai baki. Shi ya sa da zarar ciwon ciki ya fara yawa a jirgi, matakin farko shi ne a karɓe ludayin daga hannun baƙi, ma'aikata su riƙa zubawa.

Akwai kuma abin da ya fi rashin wanke hannu muni, wato ɓoye ciwo. Wanda ya kai kansa asibitin jirgi da amai ko gudawa, za a ce ya zauna a ɗaki har sai ya yi awa 24 babu alamar ciwon, a riƙa kai masa abinci, a turo masu feshi na musamman. Don gudun kada tsibirin gobe ya wuce su, wasu sai su yi shiru, su sha magani su fita cikin jama'a. Wannan shirun ne ke mayar da ciwon mutum ɗaya na mutum ɗari, kuma wanda ya fara kwasa shi ne mai gyaran ɗaki, da ya shiga da hannu biyu bai san abin da ke ciki ba.

Wannan bawan Allah yana wata shida zuwa tara a teku kafin ya ga iyalinsa, kuma babu ranar hutu cikakkiya a mako. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce kada hutun ma'aikaci ya gaza awa 10 a cikin 24, ko awa 77 a mako. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, kuma tsaftar ɗaki tana rataye ne a kansa, domin inji yana wanke zani, amma mariƙin ƙofa sai mutum mai lokaci da sauran ƙarfi. Kamfanin da ya ƙara wa ma'aikaci ɗakuna ya rage wa kowane ɗaki mintuna.

Don haka mai niyyar shiga irin wannan jirgi ya duba makin tsaftarsa tun yana gida, ya duba katifa idan ya isa, ya goge abin da hannu ke taɓawa, sannan ya kwanta da kwanciyar hankali. Sauran aikin nasa ne. Ya wanke hannu da sabulu bayan banɗaki da kafin cin abinci, ya faɗi gaskiya ranar da cikinsa ya juya ko da zai rasa fita gari, ya kuma tattara ƙazantarsa kada ya bar wa mai gyara abin da shi kansa ba zai so taɓawa ba. Mutum dubbai a rufe wuri ɗaya, lafiyar kowa tana hannun maƙwabcinsa, kuma kai ma maƙwabcin wani ne.