Shayin rage ƙiba ya kusa raba ni da Yayata

Ni da Yayata mayun fim ne. A Dogon Daji babu sabon fim ɗin da zai fito mu kwana ba mu kalla ba. Nan ne Yaya ta sa wa ranta sai ta koma siririya kamar 'yan wasan da muke gani, don tun da ta yi haihuwa ta biyu jiki ya buɗe mata.

Da ta je asibiti a Sakkwato aka yi mata hoton ciki, sai aka ce kitse ya taru a hantarta. Likita ya ce ta rage lemon kwalba da soye-soye, ta riƙa tafiyar ƙasa kullum. Ya ce in ta zubar da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta, hantar za ta samu sauƙi.

Yaya ta ga hanyar ta yi nisa. Sai ta sayo wani shayi da ƙwayoyi a hannun wata dillaliya. Na ce, "Yaya, anya kuwa?" Ta ce, "Ke ƙyale ni, ganye na, ba shi kashe kowa."

Wata biyu ba su cika ba idanunta suka yi ɗorawa, ga amai. Wallahi daren da muka kwasa zuwa asibiti ban zaci za mu dawo da ita ba.

Daga baya na gane inda gizo ke saƙar. Ganyen da ke cikin tukunya daban, sinadarin da aka tatso aka cusa a ƙwaya daban. Koren shayi na da wani sinadari, EGCG. A 2018 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce shan miligiram 800 nasa a rana cikin ƙwaya na iya taɓa hanta. A 2009 ma an janye Hydroxycut daga kasuwar Amurka kan irin wannan.

Ba wai tsirrai ba su da amfani ba. Metformin, maganin ciwon suga, asalinsa daga wani tsiro ne, amma sai da aka auna shi aka gwada. Kwaɗon zogale da zoɓo marar suga kuwa har gobe muna ci muna sha, a matsayin abinci.

Yaya ta tashi, alhamdu lillahi. Yanzu kullum da asuba muna tattaki, nauyin na sauka a hankali.

'Yan'uwana masu kallo, don Allah kafin ki haɗiyi komai saboda jikin wata jaruma, ki nuna wa likita. Fim in ya lalace ana sake ɗauka. Hanta fa?