Hira a Layin Lilo

Disneyland Paris, wanda aka buɗe a 1992 gabas da babban birnin Faransa, wuri ne da mutum kan shafe sa'a guda a layi domin lilon minti uku. Ranar da na kai ɗana can, cunkoson ya yi kama da kasuwar jajibere. Na shiga ina lissafin kuɗin tikiti da yawan lilon da za mu hau kafin magariba. A cikin layin nan ne yaron, mai ƙarancin magana a gida, ya fayyace mini abin da ke firgita shi a makaranta. Lilo huɗu kacal muka samu, amma na dawo da sanin damuwar da ya daɗe yana ɓoyewa.