Bashin Caca Da Dariya: Abin Da Muka Gani A Wani Fim Na Landan

Mu da muka taso da kallon finafinan Indiya da na Cana mun saba da jarumi ɗaya, maƙiyi ɗaya. Shi ya sa fim ɗin Lock, Stock and Two Smoking Barrels, wanda Guy Ritchie ya shirya a Ingila a 1998, ya zo mana da baƙon abu: babu jarumi a cikinsa, taron 'yan cuwa-cuwa ne, kowa na haƙa wa wani rami.

Abokai huɗu ne a gabashin Landan suka haɗa fam 100,000 suka ba ɗayansu, Eddy, gwanin karta, ya je teburin wani tsohon ɗan daba, Harry. Ashe an shirya masa maguɗi. Ya tashi babu ko sisi, ga bashin fam 500,000 a kansu, wa'adi mako ɗaya, in ba haka ba a fara yanke musu yatsu. Abin da Harry ke hari kuwa shi ne mashayar mahaifin Eddy.

Abin da ya kama mu shi ne fuskokin 'yan wasan, don da yawansu ba daga makarantar wasa suka fito ba. Jason Statham ya taɓa tallar kaya a bakin titi, ya kuma wakilci Ingila a wasan alkafura cikin ruwa a gasar Commonwealth ta 1990. Vinnie Jones, mai karɓo bashi da ke yawo da ɗansa ƙarami yana kwaɓarsa kan zagi, ɗan ƙwallo ne da ya ci kofin FA da Wimbledon a 1988. Lenny McLean tsohon ɗan damben hannu tsirara ne, ya rasu a 1998 kafin fim ɗin ya fito. Mawaƙi Sting shi ne uban Eddy.

Mun yi dariya har da hawaye, amma da muka natsu sai muka ga ba abin dariya ba ne duka. Ɗa ne ya zauna teburin caca, uba ne aka zo wa ƙofa. Don su biya bashi sai samarin suka yi wa maƙwabtansu ɓarayi fashi, daga nan gawa ta bi gawa. Wannan mun san shi a zangonninmu: yaro ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa, dattijo ya sayar da gida don rufin asiri.

A ƙarshe kuɗin ya kuɓuce musu. Tsofaffin bindigogi biyu kaɗai suka rage, sun tura Tom ya jefa su a kogi, sannan suka gano cewa dukiya ce. Fim ya ƙare Tom na reto a kan gada, waya na ƙara a bakinsa. Samarinmu, ku kalla ku yi dariya, amma ku tuna kwaɗayi mabuɗin wahala. Allah ya raba mu da bashin da babu hanyar biya, amin.