Biskit da Ƙuliƙuli

Babu yaron da bai san biskit ba, gama ko a kasuwar Batsari ko ta Safana mai tebur ba ya rabuwa da shi. Amma ba kowa ya san ma'anar sunansa ba. Kalmar ta fito ne daga Latin, harshen Rumawan dā, ma'anarta kuwa abin da aka dafa sau biyu.

A ƙasar Italiya har yanzu haka ake yin wani irinsa, birnin Prato kuwa shi ya fi suna wajen yinsa. Akan kwaɓa fulawa da sukari da ƙwai da 'ya'yan almon, masu kama da gyaɗa, a mulmula kamar rogo, a gasa. In ya fito sai a yayyanka shi, a mayar cikin tanderu har ya bushe ƙayau. Dalili kuwa, laima ita ke sa abinci fumfuna. Abin da wuta ta tsotse wa ruwa yakan daɗe bai lalace ba. Shi ya sa a zamanin dā matuƙan jiragen ruwa suke guzurin busasshen biskit na watanni.

To, matan Batsari da Safana ba su je Italiya ba, amma sun gaji wannan dabara. Mace takan soya gyaɗa, a niƙa, ta matse mai, ta mulmula tunkuza, sa'an nan ta sake soya ta cikin man nan nata. Ka ga ƙuliƙuli ma sau biyu ya ga wuta. Da irinsa fatake suke ratsa daji.

Amfaninsa bai wuce ba. A shekarar 2019, da 'yan bindiga daga dajin Rugu suka tashi ƙauyuka, mutane da yawa suka gudo cikin garin Batsari, waɗansu har makaranta ta zama masaukinsu. Uwar da ke gudu da goyo ba ta iya ɗaukar tukunya, tuwo kuwa ba ya kwana uku. Amma ƙullin ƙuliƙuli a bakin zane yana iya kashe wa yaro yunwa har a isa gari.

Saboda haka kada yaro ya ga biskit cikin leda mai ƙyalli ya raina sana'ar uwarsa. Wanda ya iya busar da abinci ya iya tanadi, don tuwon gobe ake wanke tukunya.