Ranar da na'ura ta ƙi gane Goggo

A farkon watan Maris na 2024, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, na raka ƙanwar mahaifina, wadda muke kira Goggo, daga ƙauyenmu da ke ƙasar Kabo zuwa garin Gwarzo domin a gyara mata asusun ajiyarta. Tun a watan Disamba na 2023 aka ba da umarnin haɗa kowane asusun banki da lambar BVN ko ta NIN. Nata asusun kuwa, wanda ɗanta da ke sana'a a Legas yake turo mata kuɗin cefane da na maganin hawan jini ta cikinsa, bai samu wannan gyara ba, sai ya tsaya cik. Ga kuɗi a ciki, ga azumi ya ƙarato, ga magani saura ƙwaya huɗu a leda.

Yaron da ke shagon ya karɓe mu da ladabi. Ya shigar da lambobinta a wayarsa, sannan ya ce, “Mama, saura hoto. Ki kalli nan, ki ƙifta ido, ki juya kai dama.” Goggo ta gyara hijabinta, ta ɗaga ido ta dubi wayar kamar wadda aka ce ta dubi rana, nan take kuma ta sunkuyar da kai. Mace ce da ta haura shekara saba'in ba ta taɓa ƙura wa namijin da ba muharraminta ba ido, ga shi an riƙe mata waya daidai fuskar wani saurayi. Aka sake, aka kuma sakewa. Da ƙyar ta daure ta ƙifta, ta juya, sai wayar ta yi ɗan nazari ta fito da jan rubutu: fuskar ba ta yi daidai da ta mai asusun ba.

Na rasa abin faɗa. Wannan baiwar Allah ungozoma ce. Daga ƙauyenmu har zuwa wajajen Garo, da wuya a shiga unguwar da babu wanda aka haifa a hannunta. Makaho ma idan ya ji sallamarta ya san ita ce. Amma ga wani abu da bai kai tafin hannu ba ya ce ba ita ba ce, kuma maganarsa ce ake bi, domin yaron shagon ba shi da ikon ƙetare ta. A hanyarmu ta komawa, tambaya ɗaya ta yi mini: “Ɗan nan, ita wannan abar, wa ya gaya mata kamannina da har za ta ƙaryata ni?”

Tambayar ce ta sa na shiga karance-karance a kan yadda ake koya wa kwamfuta gane hoto da bidiyo, kuma na tarar Goggo ta taɓo ainihin abin da masana suka shafe shekaru suna fama da shi. Kwamfuta ba ta ganin fuska. Abin da ke isa gare ta ɗigo-ɗigo ne dubbai ko miliyoyi, kowane ɗigo da lambobinsa da ke nuna haskensa da launinsa, yawanci daga 0 zuwa 255. Bidiyo kuma hotuna ne da ake jerawa a guje, kamar talatin a daƙiƙa guda. Shi ya sa ake cewa mutum ya ƙifta ido ko ya juya kai: na'urar na son ta ga motsi tsakanin hoto da hoto, ta tabbatar mai rai ne a gabanta, ba wani ne ya ɗaga mata tsohon hoton fasfo ba.

To ta yaya ake fita daga tarin lambobi a kai ga “wannan Goggo ce”? A 1959 wasu masana biyu a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, suka gano cewa a ƙwaƙwalwar kyanwa akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai sun ga layi a miƙe, wasu kuma sai layi a karkace. Wato gani hawa-hawa ne: a fara da layi da gefe, a haɗa su su zama siffa, siffofi su zama abu. Binciken ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1981, masu kwamfuta kuma suka ari dabarar. Suka gina sarƙar lissafi mai hawa-hawa, wadda ake nuna wa hoto ta yi cinta, idan ta kuskure a ɗan gyara lambobin cikinta, a sake nuna mata wani, haka-haka har sau miliyoyi. Babu wanda ke rubuta mata cewa akuya na da gemu ko tunkiya na da dogon wutsiya. Daga yawan gani take tsintar alamomin da kanta.

Da na fahimci wannan sai na tuna da Kawu, wanda ya yi shekaru yana dillancin dabbobi a kasuwar Getso. Tun daga nesa zai ce wancan bunaji ne, wancan bokoloji, waccan saniyar kuma ta sha wahalar tafiya. Idan aka tambaye shi yadda ya sani, sai ya yi dariya ya ce, “Ai gani ne.” Ba zai iya zayyana ƙa'idar ba, domin ba ƙa'ida ya haddace ba, shanu dubbai ne suka wuce ta gaban idonsa tun yana yaro, ubangidansa na gyara masa kuskure. Amma na tabbata da za a kai Kawu kasuwar raƙuma ta Agadas a ce ya yi irin wannan cinta, kunya zai ji. Idonsa ya ƙware ne a kan abin da ya saba gani. Kwamfuta ma haka take, sai dai ita ba ta da kunyar da za ta sa ta ce a tambayi wani.

Babban sauyi a wannan fanni ya zo ne ta hanyar tara hotuna. Wata malamar jami'a, Fei-Fei Li, ita da abokan aikinta suka fitar da rumbun hotuna mai suna ImageNet a 2009, wanda daga baya ya haura hoto miliyan 14. An kwaso hotunan daga intanet, aka kuma biya mutane kusan dubu hamsin daga ƙasashe 167 ladan 'yan kwabbai suna rubuta sunan abin da ke cikin kowane hoto. Aka riƙa shirya gasa duk shekara a kan gane abubuwa iri dubu. A 2012 wasu mutum uku daga Jami'ar Toronto ta Kanada, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, suka shiga gasar da irin wannan sarƙar lissafi, suka yi kuskuren kusan kashi 15 cikin ɗari, alhali wanda ya zo na biyu ya yi kusan 26. Abin dariya, da na'urori biyu irin waɗanda matasa ke saya domin wasan bidiyo suka yi aikin. Daga nan hankalin duniya ya karkata ga wannan hanya, har ta gangaro shagon da ke Gwarzo.

Saura tambayar Goggo: wa ya gaya mata kamanninmu? Wani bincike da ma'aikatan Google suka yi a 2017 ya nuna cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na hotunan ImageNet da aka iya gano asalinsu daga Amurka kaɗai suka fito. A 2018 Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Ghana ne, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, suka jarraba manhajojin manyan kamfanoni uku da hotunan 'yan majalisa 1,270 daga ƙasashen Afirka uku da na Turai uku, aikin kawai a bambance mace da namiji. A kan maza fararen fata kuskuren bai kai kashi ɗaya ba. A kan mata baƙaƙen fata ya kai kashi 34.7 a wata manhajar. Ita Joy ta ba da labarin yadda wata manhaja ta ƙi ganin fuskarta sam, sai da ta rufe ta da farin abin rufe fuska. A 2019 kuma masu bincike na Facebook suka nuna wa irin waɗannan manhajoji kayan gida daga ƙasashe daban-daban. Sabulun ruwa na wani gida a Ingila suka gane shi, sabulun ƙwarya na wani gida a Nepal suka ce abinci ne. Ina tunanin me za su kira sabulun salo, ko faifai, ko maburgi.

Ban ɗora wa na'ura laifin gaba ɗaya ba. Shagon da muka shiga duhu gare shi, kyamarar waya kuma ba ta ɗaukar baƙar fata da kyau idan haske ya yi ƙaranci. Hoton Goggo da ke ajiye an ɗauke shi ne shekaru da suka wuce, kafin jinya ta rage mata kumatu, haƙora su zube. Hijabi ya rufe goshi da haɓa, kunya ta hana ido tsayawa. Sai dai duk waɗannan abubuwa su ne rayuwarmu ta yau da kullum. Na'urar da aka kawo ta yi aiki a Gwarzo da Kabo, idan ba ta san duhun shago da hijabi da tsagen fuska da tsufan matan karkara ba, to ba ta gama karatunta ba aka ba ta alƙalanci. Mun kuwa riga mun miƙa mata alƙalancin: duk wanda ya kaɗa ƙuri'a a 2023 ya tsaya gaban BVAS an duba yatsansa ko fuskarsa, rajistar NIN da layin waya da asusun banki duk sun rataya a kan hoto.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne namu ma ba su zauna ba. A 2022 Idris Abdulmumin da Shamsuddeen Hassan Muhammad da wasu masana daga jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Bayero, tare da abokan aiki na ƙetare, suka fitar da Hausa Visual Genome, tarin hotuna sama da dubu talatin da bayaninsu cikin Hausa, domin kwamfuta ta koyi haɗa abin da ta gani da harshenmu. Aiki ne mai wuya da ya cancanci yabo. Amma hotunan an aro su ne daga wani rumbu da aka tara a ƙetare, saboda haka harshen namu ne, titunan da ɗakunan girkin na wasu ne. Mataki na gaba shi ne hotunan ma su zama namu, wannan kuwa ba aikin malaman jami'a kaɗai ba ne, domin ilimin yana hannun irin su Kawu. Manomin da ke noman rani a bakin madatsar Guzu-Guzu ya san bambancin ganyen tumatir da ƙishirwa ta kama da wanda cuta ta kama. Yaron da ya tashi a gona yana bambance tsiron gero da na dawa tun suna ganye biyu, ya san ƙuduji tun kafin ya yi fure. Akwai manhaja mai suna Nuru, wadda Jami'ar Penn State ta Amurka ta yi da haɗin gwiwar cibiyar IITA, tana duba ganyen rogo ta faɗi cutarsa, tana kuma gane ɓarnar tsutsar masara da ta bayyana a Najeriya a 2016, ba tare da intanet ba. Me zai hana a samu irinta ta gero da dawa da gyaɗa, wadda manomanmu suka koyar, aka kuma biya su ladan koyarwar?

Ina da fargaba ɗaya a nan, kuma ba ƙarama ba ce. Hoton ganye daban, hoton fuskar matar aure daban. Idan aka ce a tara fuskokinmu domin na'ura ta san mu, wa zai ajiye su, wa zai gani, wa za a sayar wa? An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023, amma Goggo ba ta san da ita ba, yaron shagon ma da na tambaye shi bai taɓa jin ta ba. Kuma ko an tara hotunan duniya, na'ura za ta ci gaba da kuskure jefi-jefi. Shi ya sa nake ganin dole duk ofishin da ya ɗora aikinsa a kan hoto ya bar wata ƙofa a buɗe, inda ma'aikaci zai dubi mutum da takardunsa, ya saurari shaidar mai unguwa ko dagaci, ya yanke hukunci da hankalinsa. Ta haka kakanninmu suka riƙa tantance baƙo da ɗan gari, kuma tsarin bai mutu ba.

Sai a zuwa na uku muka dace. Azumi ya kwana biyar, na riga na ranto kuɗin magani a wajen wani abokina. Muka yi sammako, na roƙi yaron ya fito da mu waje ƙarƙashin darbejiyar ƙofar shagon, inda hasken safiya ke sauka a fuska ba tare da ƙyalli ba. Ya miƙa wa jikarta wayar ta riƙe, shi kuma ya koma gefe ya juya baya. Goggo ta ɗan ja hijabinta baya, ta dubi yarinyar sosai, ta ƙifta, ta juya kai dama. Wayar ta yi nazarinta, ta fito da koren rubutu.

Yaron ya ce, “Alhamdu lillahi, Mama, ta gane ki.”

Goggo ta gyara hijabinta, ta ce a cire mata kuɗin gero da sukari da na bashin da na ci, sauran a bar su. Da muka hau babur za mu koma, sai ta taɓo kafaɗata ta ce in tambayo mata yaron, idan Allah Ya kai mu baɗi ta ƙara tsufa, sai ta sake zuwa ta gabatar da kanta ke nan?