Salgar da Na Haƙa Kusa da Rijiya

Da hannuna na nuna wa mai haƙa inda zai sa diga. Tsohuwar salgar gidanmu ta cika, fili kuma ya yi kaɗan, sai na zaɓi lungun da ke bayan rijiya. Mutumin ya yi turus, ya ce, "Maigida, anya ba ta yi kusa da ruwa ba?" Na ce masa ai ƙasa tana tace komai. Ba da ilimi na faɗi haka ba, so nake aiki ya ƙare kada kuɗi su ƙaru.

Da rani lafiya lau. Damina na kankama, ruwan ƙasa ya taso, sai zawo ya shigo gidan. Wannan ya tashi, wancan ya kwanta. Autarmu, wadda ba ta cika shekara ba, ita ta fi jin jiki, mu kuwa muka ce haƙori ne, kamar yadda muka taso muna ji. Muka yi ta jiƙe-jiƙe, da ruwan rijiyar nan dai. Sai da idanunta suka zurma, maɗigarta ta faɗa, ta kasa kama nono, sannan muka ruga asibiti.

Bayan an ɗaura mata ruwa, malamar jinya ta dube ni ta ce, "Baban yarinya, ina kuke ɗiban ruwan sha? Ina kuma salgarku take?" Kafin in gama ba ta amsa na riga na san mai laifi. Ta ce tsakanin rijiya da salga ana son aƙalla mita 30, kuma kada salgar ta kasance ta saman gangare. Tawa ko kusa ba ta kai ba. Abin da ya rufe mini ido shi ne ruwan garau yake, ba wari, ba launi. Ashe ƙwayoyin cutar da ke tsiyayowa daga bayan gida ido ba ya ganinsu.

Allah ya tashi kafaɗar yarinyar, amma ta daɗe ba ta murmure ba. Zawon da ke yawan dawowa yana wanke abin da yaro ya ci, ya tsumburar da shi, ya bar shi ba ƙarfin tare wata cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 400,000 duk shekara. A 2021 kwalara ta hallaka mutum sama da 3,000 a Najeriya, jihohin Arewa ne kuma suka fi ɗanɗana kuɗarta. Mun saba ɗora komai a kan gwamnati, tana kuma da nata kason mai yawa, amma wannan ramin ni na sa aka haƙa shi.

Na cike salgar, na haƙa wata nesa, na yi wa rijiya murfi. Yanzu sai an tafasa ruwa yara ke sha, kashin jariri ma salga ake kai shi, a wanke hannu da sabulu.

'Yan uwana magidanta, ku auna tazarar da ke tsakanin rijiyarku da salgarku, har da ta maƙwabta ta bayan katanga. Idan kuma yaro ya fara zawo, kada a jira haƙori ya fito. A ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi asibiti tun da sauran ƙarfinsa.