Ranar Da Na Yanke Kawuna

Duk wanda ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja, da ya wuce Gonin Gora ba zai yi wata tafiya mai nisa ba sai ya iske Kakau, a cikin ƙaramar hukumar Chikun. Nan aka yanke mini cibiya, nan kuma nake komawa duk hutu da 'yar kyamarata a wuya, in bi gidajen suna da na biki da walimar saukar karatu ina tara abin da zan biya kuɗin makaranta. Sana'ar ba tsintarta na yi ba, gadonta na yi wajen ƙanen mahaifiyata, wanda ya shekara fiye da 30 yana ɗaukar hoto a cikin garin Kaduna, tun zamanin da ake shiga ɗaki mai duhu a wanke fim. Da ido ya fara gaza masa sai ya kira ni ya miƙa mini abin da ya rage na kayan aikinsa, cikinsu har da ƙafar nan uku da ake ɗora kyamara a kai, wadda masu hoto ke kira tiraifod. Ƙirar Manfrotto ce ta ƙasar Italiya, ta tsufa ƙwarai amma tana tsaye kamar duwatsun murhu. Kanta ne kawai ya lalace, wato abin nan da ke tsakanin ƙafafun da kyamara, wanda ake juyawa sama da ƙasa, dama da hagu.

To, ni a lokacin ban ɗauki kai bakin komai ba. Na shiga kasuwa na sayo wani mai ƙwallo, baƙi wuluk yana ƙyalli, an rubuta a kwalinsa wai yana ɗaukar kilo 12. Kyamarata da gilashinta duka ba su kai kilo 2 ba. Na ce ai ma na yi ɓarna. Da na kai wa Kawu ya jujjuya shi, ya ɗaure, ya danna da babban yatsa, ya miƙo mini, ya ce, "Allah ya sa alheri." Ban tsaya tambayar abin da yake nufi ba.

Ran nan, kwana biyu bayan Ƙaramar Sallar 2024, kakarmu ta ce tana so a tara mata zuriyarta a yi hoto guda. Ba ƙaramin aiki ba ne tara su, don wasu suna Zariya, wasu Abuja, ɗaya ma Minna. Aka dai taru. Aka ci aka sha, ana hira har la'asar ta yi sanyi, sannan aka tuna da hoto. Mutanen Abuja kuwa hankalinsu ya riga ya tafi kan hanya, don duk wanda ya san abin da ya auku a hanyar nan a shekarun baya, har da harin da aka kai wa jirgin ƙasa ran 28 ga Maris 2022, ba ya son duhu ya same shi wajen Rijana ko Katari. Na jera mutane sahu uku: tsohuwa kan kujera a tsakiya, jikoki zaune a tabarma, 'ya'yanta maza tsaye a baya. Ni ma jika ne, ba zan yarda a yi ba ni ba. Saboda haka na daidaita kyamara, na ɗaure kai tamau, na sa mata agogon sakan 10, na ruga na tsuguna gefen tsohuwa. Ta ƙyafta, aka ce alhamdu lillahi, taro ya watse, motoci suka tashi.

Sai da ƙura ta lafa na duba. Ashe cikin sakan goman nan nauyin gilashi ya rinjayi ƙwallon, kyamara ta yi ta sunkuyawa a hankali kamar mai gyangyaɗi a bayan aji. Ga tsohuwa ta fito tsaf, ga mu jikoki muna washe baki, ga tabarma da takalma an ba su rabin hoto. Sahun baya kuwa manyan riguna ne guda biyar a tsaye, daga wuya zuwa sama babu kowa. Na yanke kawuna biyar, cikinsu har da Kawuna.

A daren aka yi ta dariya, ni ma na taya. Aka ce ba komai, Babbar Salla na nan tafe, sai a sake. Babbar Salla ta zo, mutum biyu ba su sami zuwa ba. Kafin kaka ta yi, Allah ya yi wa tsohuwa cikawa. Daga ranar ba wanda ya sake yi wa hoton nan dariya.

Bayan sadakar arba'in na zauna na shiga neman sanin abin da ya ci ni. Abin da na fara ganowa shi ne, lambar nan ta kilo da ake rubutawa a kwali ba wata hukuma da ke auna ta, kowane kamfani da irin awonsa. Kuma ko da gaskiya aka rubuta, nauyin da ke zaune daidai bisa tsakiyar ƙwallo daban, wanda ya leƙa gaba daban. Kowa ya san tulu a ka ba ya wahalar da mai ɗauka kamar rabinsa a miƙaƙƙen hannu. Dogon gilashi miƙaƙƙen hannu ne. Abin da ke riƙe shi kuwa shi ne girman ƙwallon, da kyan sassaƙarsa, da irin matsewar da kwaskon da yake zaune ciki ke yi masa, kamar dai gaɓar ƙugun mutum. Ƙwallon da na saya bai fi ƙwan zabo ba. Na BH-55, wanda kamfanin Really Right Stuff na Amurka ke yi, faɗinsa milimita 55 ne, sunan ma daga nan ya samo.

Kai na ƙwarai yana da mamurɗi uku ko abin da ya tsaya a madadinsu. Babban shi ne mai ɗaurewa. Akwai ƙarami da ke hana ƙwallo sakin jiki gaba ɗaya in an kwance babban, don kada kyamara ta faɗo ta datse maka yatsa ko ta daki ƙafa. Na uku yana can gindi, shi ke barin kai ya kewaya dama da hagu ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Sai wata 'yar tsaga a gefen kwasko inda ake kwantar da wuya in ana son hoton tsaye. A sama kuma akwai muƙamuƙin da ke kama farantin da ake ɗaura wa kyamara a gindi. Nan ne na fara cin karo da sunan Arca-Swiss, kamfanin da ya tashi a Suwizalan daga baya ya koma Besançon ta ƙasar Faransa. Farantinsu, mai faɗin kamar milimita 38 da gefe a karkace, shi ne yawancin maƙera suka bi, har ya zama in ka sayi kai mai irin wannan muƙamuƙi ba ka rasa farantin da zai shige shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin Kakau, wanda in faranti ya ɓace ba shi da kantin da zai je ya ce a ba shi na kamfani kaza.

Na kwashe duk wannan ilmi na kai wa Kawu, ina jin kaina malami. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce shi fa bai taɓa yarda da kai mai ƙwallo ba. Nasa na da mai hannu uku ne, kowane hannu da gefen da yake juyawa, in ka gyara sama da ƙasa dama da hagu ba ta motsi. Gaskiyarsa kuwa, ga mai ɗaukar gini ko takarda wannan ya fi. Amma a gidan biki, inda amarya ba ta jiran ka murɗa hannu uku, ƙwallo ya fi sauri, murɗi ɗaya ka saki, murɗi ɗaya ka ɗaure. Wani abokina kuma ya ce tunda yanzu kowa bidiyo yake so, in sayi kan bidiyo mai ruwa a ciki in huta. Wannan kuwa wani aiki ne daban, ƙwallo ba ya yin bidiyo mai santsi, shi ma wancan bai dace da hoton tsaye ba. Ni dai hoto ne ya kunyata ni.

Sai maganar kuɗi. Sabon kai na manyan kamfanonin nan ya haura dala 400, dala kuwa a shekarar ta wuce naira 1,500. Mai karatu ya buga lissafi da kansa, ya ƙara kuɗin aikowa. Da Inna ta ji, sai ta ajiye tsintsiya ta ce, "Guntun ƙarfen da bai kai tabarya ba za ka saya da kuɗin sa? Karatun fa?" Ban da amsa. Akwai na Sin masu dama-dama, irin su Benro da Sirui, waɗanda masu hoto da yawa ke aiki da su lafiya lau, kuma da hankali kaɗai na bi da su zan tsaya. Har na yanke shawara a kansu, sai Kawu ya tuna da wani tsohon abokin sana'arsa da ke shirin rufe shago, ya ce yana jin ya taɓa ganin irin abin da nake kwatantawa a wajensa.

Muka shiga mota muka je. Dattijon ya buɗe akwati ya fito da Arca-Swiss B1, fentinsa duk ya goge a gefe, ƙura ta cika lungunansa. Raina ya ɗan sosu. Kawu bai ce komai ba, ya sa na kafa ƙafafun da muka zo da su a bakin shago. Kan ya hau su daram, don zaren ƙusar da ke haɗa kai da ƙafa, mai kaurin kashi 3 cikin 8 na inci, har yau bai sake ba. Ya ce in ɗaura gilashi mafi tsawo, in auna kan wata ƙusa da ke jikin falwaya a tsallaken titi, in sa ta daidai tsakiya. Na yi. Ya ce, "Ɗaure. Cire hannunka. Ƙirga ashirin." Na ƙirga, na leƙa, ƙusa na nan inda na bar ta. Ya ce in sassauta kaɗan in tura kyamarar gaba. Na tura, sai na ji tana ƙara tauri yayin da take sunkuyawa, ta ƙi faɗuwa. Daga baya na karanta cewa da gangan aka yi ƙwallon ba zagayayye sosai ba, don ya riƙa cijewa gwargwadon karkatarsa. Muka ɗora nawa na kasuwa muka yi masa wannan jarrabawa. Tun ina murɗawa ƙusa ta fara hawa sama, kafin in kai ashirin ta bar tsakiya. Kawu ya ce, "Ka ga abin da yatsana ya gaya mini tun ranar farko." Na ce, "Kawu, me ya hana ka faɗa mini?" Ya ce, "Ka tambaye ni?"

Aka yi ciniki irin na dattawa, rabi magana rabi tuna baya. Duk da ragin da aka yi mini don darajar Kawu, sai da na sayar da tunkiyata na haɗa da rabin kuɗin rajista. Shekarar nan a makare na yi rajista, na kuma yi sati uku ina kwana ɗakin wani ɗan ajinmu. Har yanzu ba zan iya rantsuwa cewa na Sin ɗin ba zai ci wannan jarrabawa ba, don ban gwada shi ba. Da za mu tafi dattijon ya riƙe hannuna ya ce kada in kuskura in sa wa ƙwallon mai ko girisi, in hunturu ya zo ƙura za ta liƙe ta cinye shi, tsumma busasshe ya isa.

Hoton nan na Ƙaramar Salla kuwa na so in goge shi, Inna ta hana. Ta sa na wanke mata babba, aka sa shi a gilashi, yana nan rataye a ɗakinta bisa gado. In baƙuwa ta tambaya su wane ne a baya, sai ta tashi ta bi rigunan ɗaya ɗaya da yatsa tana faɗin sunan mai kowace. Ta Kawu ita ce shuɗiya ta biyu daga hagu, mai biro a aljihu.